Kwarkoniyam: auna samuwarsa a karon ƙwayoyi

Kwarkoniyam ƙwaya ce da ake samu idan kwark mai nauyi ya ɗauru da kishiyarsa. Kwark shi ne ƙaramin ɓangaren da ya gina furoton da nutiron na cikin ƙwayar zarra. An ƙirƙiri sunan ne bisa ƙirar kalmar fozitironiyam, wato ɗaurin elektiron da kishiyarsa. Iri biyu aka fi sani: camoniyam, na kwark ɗin cam, da botomoniyam, na kwark ɗin botom.

Tarihi

A watan Nuwamba 1974 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka sanar da gano ƙwaya guda: ta Burton Richter a cibiyar SLAC, da ta Samuel Ting a Brookhaven. Kowacce ta raɗa mata nata suna, shi ya sa har yau ake kiran ta J/psi. Nauyinta GeV 3.1 ne, ya ɗan haura na furoton uku. Mutanen biyu sun karɓi kyautar Nobel a 1976. A 1977 ƙungiyar Leon Lederman ta gano Upsilon a Fermilab, mai nauyin GeV 9.46.

Yadda ake aunawa

Babu na'urar da ke ganin J/psi kai tsaye, domin tana tarwatsewa tun kafin ta bar inda aka haife ta. Sawunta ake bi, kamar yadda makiyayi ke gane dabbar da ta wuce daga abin da ta bari a rairayi. Kusan kashi 6 cikin 100 na J/psi kan rikiɗe zuwa miyuwon biyu masu kishiyar caji, su kuwa miyuwon suna ratsa ƙarfe su isa bangon waje na na'ura. Daga ƙarfinsu da alƙiblarsu ake lissafa nauyin uwar da ta haife su. Idan aka tara miliyoyin karo a jadawali, sai tudu ya fito daidai GeV 3.1. Adadin da ke cikin tudun ake rabawa da yawan karon da aka yi, da kason da na'ura ke iya kamawa, da wancan kashi 6.

Aikin bai ƙare nan ba. Wasu J/psi ba a wurin karon aka haife su ba, 'ya'yan ƙwayoyin B ne, waɗanda kan yi 'yar tafiyar da ba ta cika wuce 'yan milimita ba kafin su tarwatse. Da wannan tazarar ake ware su.

Inda lissafi ya gaza

A shekarun 1990 gwajin CDF a na'urar Tevatron ya ga psi(2S), ƙanwar J/psi mai ƙarin nauyi, tana fitowa kusan ninki 50 na abin da aka yi hasashe. Tsohon lissafin ya ɗauka cewa kwark biyun suna fitowa ne launinsu ya riga ya daidaita. "Launi" a nan laƙabi ne kawai na cajin ƙarfin da ke ɗaure kwark, ba ruwansa da ido. A 1995 Bodwin, Braaten da Lepage suka tsara hanyar NRQCD, wadda ta yarda su fara fitowa da launi, daga baya su zubar da shi ta hanyar sakin guluwon. Wannan ya gyara adadin, amma ya zo da hasashen cewa J/psi mai tsananin gudu za ta karkata juyinta gefe guda. CMS da LHCb sun auna, karkatar ba ta taka kara ta karya ba. Raunin hanyar shi ne wasu lambobinta daga sakamakon gwaji ake ɗebo su, kuma lambobin da suka dace da wannan gwaji sukan saɓa wa wancan.

Halin da ake ciki

Na'urar LHC ta cibiyar CERN, mai kewayen kilomita 27 a iyakar Faransa da Suwizalan, ta koma aiki a 2022 da ƙarfin TeV 13.6. A 2025 CMS ta ba da rahoton rarar kwark ɗin tof da kishiyarsa a daidai mafi ƙarancin ƙarfin da ke iya samar da su, abin da ya yi kama da ɗaurin ɗan lokaci da ake kira tofoniyam. ATLAS ta tabbatar da rarar a watan Yuli. An daɗe ana zaton ba za a iya ganin wannan a karon furoton ba, saboda tof yana mutuwa da wuri ƙwarai.

A karon dalma kuwa, Matsui da Satz sun yi hasashe a 1986 cewa zafin narkakkun kwark da guluwon zai hana J/psi ɗauruwa. ALICE ta ga raguwar, sai dai ba ta kai wadda aka gani a na'urar RHIC ba, duk da LHC ta fi zafi. Bayanin da aka fi karɓa shi ne cam ya yi yawa har wasu suna sake haɗuwa.

A Afirka

Masu bincike daga Afirka ta Kudu suna cikin ALICE da ATLAS, Maroko tana ATLAS, Masar tana CMS. A arewacin Najeriya cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da tukunyar nukiliyar bincike tun 2004, amma aikinta daban ne. Tun 2014 CERN ta buɗe wani ɓangare na bayananta kyauta a intanet, har da na miyuwon biyu daga CMS. Ɗalibin fiziks daga Isa ko Sabon Birni da ya samu kwamfuta da sabis zai iya zana jadawalin da kansa, ya ga tudun J/psi da na Upsilon.