Washegarin Murna

A wannan wata za mu waiwaya baya kaɗan, gama akwai abin koyi.

Ran Talata 29 ga Yuli, 1975, da sassafe, muryar Kanar Joe Garba ta fito a rediyo tana cewa an sauke Janar Yakubu Gowon. Shi kuwa Gowon yana Kampala wurin taron shugabannin Afirka. Ba a zub da jinin kowa ba. Mutane da yawa suka yi murna, kuma suna da dalili. A 1974 Gowon ya janye alkawarin mika mulki ga farar hula a 1976. Jiragen ruwa ɗaruruwa cike da siminti sun yi cirko-cirko a gaɓar Ikko, ba wurin sauke kaya. Ga kuma ƙorafi a kan gwamnonin jihohi.

Murtala Muhammed ya hau da zafinsa. Ya sauke gwamnonin nan 12, ya ƙara jihohi suka zama 19, ya tsai da shawarar kai babban birni Abuja, ya sa 1979 ta zama shekarar komawar soja bariki. Waɗannan ba mai musunsu.

Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Cikin 'yan watanni aka sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000. Mutum yana cin tuwon dare da iyalinsa sai ya ji sunansa a rediyo. Lalle akwai ɓarayi da malalata a cikinsu. Amma da yawa ba a ba su damar buɗe baki su kāre kansu ba. Aka fid da su daga gidajen gwamnati, kuɗin makarantar yara ya yanke, uwargida ta shiga sayar da kayan ɗakinta. Waɗanda suka tsira kuwa, wasu suka ɗauki mugun darasi, wai tun da aiki ba shi da tabbas, gara mutum ya tara abin da zai tara tun da rana.

Murtala bai wuce kwana kamar 200 a kan mulki ba. Ran Jumma'a 13 ga Fabrairu, 1976, aka harbe shi a kan titi a Ikko cikin yunƙurin Laftanar Kanar Dimka. Bayan shari'ar soja aka harbe mutum fiye da 30, har da Joseph Gomwalk, tsohon gwamnan Binuwai-Filato. Gidan Murtala ya sami gwauruwa da marayu, haka ma gidajen waɗancan. Murna ta koma ciki. Gowon, wanda ya tafi karatu Jami'ar Warwick a Ingila, aka tuɓe masa girman soja, sai a 1981 Shugaba Shagari ya yi masa afuwa. Shagarin ma soja suka kawar da shi ran 31 ga Disamba, 1983.

To, me za mu ce? Ba muna nufin a bar mugun shugaba ya yi yadda ya ga dama ba. Amma sauke mutum aikin safiya ɗaya ne, bashin kuwa iyalai ne ke biyansa shekara da shekaru. Duk inda za a tuɓe wani, ko shugaban ƙasa, ko dagaci, ko ma'ajin ƙungiyarmu ta unguwa, mu tambayi abu uku. An ji ta bakinsa? An bi ƙa'ida? Wa zai hau, kuma wa zai iya tsawata masa in ya kauce?

Mu kuma lura da bakinmu a gaban yara. Yaron da ya ga ubansa yana rawa don wani ya faɗi, shi ne gobe zai tsokani ɗan mutumin a makaranta. In maƙwabcinmu ya rasa kujerarsa, kada ƙafarmu ta ɗauke daga gidansa. A kai wa iyalinsa ko da kwanon hatsi ne.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.