RA'AYI: Kafin na'ura ta fara yi wa likita rubutu, Tahoua na buƙatar masu riƙe tarihin majinyaci

A Amurka an daɗe da wata sana'a da ba a cika jin sunanta a Nijar ba. Likita ya gama duba mara lafiya, sai ya naɗi bayaninsa da murya, wani ma'aikaci da ya ƙware a kalmomin asibiti ya saurara ya rubuta, a adana a fayil ɗin majinyacin. Daga baya aka riƙa tura aikin Indiya da Filifin saboda araha. Yanzu manhajoji masu mayar da magana rubutu na karɓe shi, ma'aikatan da suka rage sun koma masu gyara kurakuran na'ura.

A Tahoua ma ana wannan aiki kullum, sai dai babu mai albashinsa. Mace daga Affala ko Barmou ta zo CSI ta faɗi ciwonta da Hausar Adar, makiyayi daga arewa ya faɗi nasa da Tamajaq ko Fillanci. Majo ya saurara, ya fassara a zuciyarsa, ya rubuta layi biyu da Faransanci a rajista da kuma karne. Shi ne likita, shi ne tafinta, shi ne magatakarda, ga layin mutane na jira a waje. Abin da aka daɗe ana bayyanawa sai ya koma kalma uku, sauran ya bi iska.

Ba wai ba a rubutu ba. Tun da aka fara kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, takardu suka ƙaru, domin sai da su ake neman gwamnati ta biya kuɗin. Ana kuma shigar da rahotannin wata-wata a manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta samar. Amma wannan lissafi ne na hukuma. Yamai za ta san yawan masu zazzaɓin cizon sauro a gunduma, amma likitan babban asibitin jihar Tahoua da aka kawo wa majinyaci da dare ba zai san allurar da aka yi masa jiya a ƙauye ba, sai in karnensa ya biyo shi.

Karne kuwa ɗan littafi ne. Ruwan damina na jiƙa shi, gara na cin sa, a manta shi a gida ranar gaggawa. A ƙasar da samari ke tafiya biɗa Abijan, Libiya, Aljeriya da Najeriya, matsalar ta ninka. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi ba tarihi, ya dawo da takardun Larabci ko Turanci da ba kowa ke karantawa ba. Sai a sake gwajin da aka riga aka yi, ɗan'uwan da ke ci-rani ya sake aiko kuɗi. Mafi muni, a ba mutum maganin da ya taɓa tayar masa da jiki, domin babu inda aka rubuta.

Wasu matasa za su ce a kawo manhaja kawai. Akwai dalilin taka-tsantsan. A watan Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa manhajar Whisper ta kamfanin OpenAI, wadda wasu asibitocin Amurka ke dogaro da ita, kan ƙirƙiri maganar da ba wanda ya faɗa. Idan haka ta faru a Turanci, ina ga Hausar Adar, wadda ko Bakano sai ya kasa kunne kafin ya kama ta? Ga ƙarancin lantarki da intanet a ƙauyuka.

Abin da ya dace a fara da shi mutane ne. Tahoua na da matasa masu difloma da ke zaune ba aiki, masu jin Hausa da Faransanci, wasunsu har da Tamajaq. Makarantun kiwon lafiya za su iya horar da su kan kalmomin likitanci da riƙon sirri, a ajiye su a manyan CSI da asibitocin gunduma, likita ya ji da majinyaci, su kuma su ji da rubutu. Kowane majinyaci ya samu lamba ɗaya da za ta bi shi daga Keita zuwa Tahoua zuwa Yamai. Ƙasar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, dole ta hau kan duk wanda zai taɓa waɗannan fayiloli.

Sannan tun da a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu hujjar sallamar majinyaci da takardar da bai san me ke cikinta ba. Taƙaitaccen bayani da Hausa, mai ɗauke da sunan ciwo, maganin da yake sha da wanda aka hana shi, ya isa ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa, ko ya ɗauki hotonsa ya tura wa yayansa a Abijan ta WhatsApp. Idan na'urar ta iso wata rana, za ta tarar da mutanen da suka san aikin, masu iya kama kuskurenta kafin ya kai ga jikin mara lafiya.