Bakin Kogi Ba Wurin Yada Zango Ba Ne

Ɗaliban ilmin halittu masu zuwa bincike a Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, sukan isa da sanin sunayen itatuwa da tsuntsaye, amma ba safai ake koya musu inda za su kafa tanti ba. Idan yamma ta yi, gajiya ta kama jiki, ido yakan faɗa kan shimfiɗaɗɗen yashin bakin kogi: ga ruwa kusa, ga inuwa, ga ƙasa ba tsakuwa. Alhali kuwa da wuya a sami wurin da ya fi wannan haɗari a duk faɗin dajin.

Ƙasar Gashaka ƙasar tsaunuka ce. A nan Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Ruwan da ya sauka a kan irin waɗannan tsaunuka ba ya samun sukunin nutsewa cikin ƙasa. Gangarowa yake yi ta ƙoramu ya tattaru a kwari ɗaya. Saboda haka kogi yana iya cika ya batse cikin dare, alhali wanda ke kwance a gaɓarsa taurari yake gani, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Kogin kuwa ba ya ɓoye halinsa. Wanda ya ɗaga kai zai ga busasshiyar ciyawa da tarkace maƙale a rassan itatuwa, wani lokaci sama da tsayin mutum. Iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa ke nan, kuma zai sake kaiwa.

Ko da rani ne, kwari bai zama lafiya ba. Baƙin ƙudan nan mai yaɗa makantar kogi a ruwa mai gudu da ƙarfi yake hayayyafa, inda tsutsotsinsa ke manne wa duwatsu da ganyaye, kuma kwarin Kogin Taraba ya daɗe da suna wajen wannan cuta. Gaskiya ne cizon kwana biyu ba ya makantar da mutum, sai an daɗe ana shan cizon. To amma mai binciken da zai yi watanni yana komawa, me ya kai shi kwana a bakin maƙyanƙyasa? Ƙudan tsando ma inuwar kurmin bakin ruwa ya fi so. Ga kuma sanyi: da dare iska mai sanyi takan yi nauyi ta gangaro ta kwanta a kwari, gari ya waye da hazo da raɓa, kayan kwanciya da takardun bincike duk sun jiƙe. Sannan bakin ruwa mashaya ce. Ɓauna da dorina suna da hanyoyinsu, kuma tantin da aka kafa a kan hanyar dorina ba zai sa ta canza hanya ba.

Ƙololuwar tsauni ma ba mafita ba ce. Can iska da tsawa suke, kuma zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 a duk hawan mita 1,000.

Wurin da ya dace yana tsakani: kafaɗar tudu mai ɗan gangare, sama da alamar ambaliya, nesa da mataccen itace da zai iya karyowa, ba kuma a tsakiyar doguwar ciyawa ba, domin gobarar daji ta fi gudu idan tana hawan tudu. Za a ce ɗauko ruwa zai yi wahala. Haka ne, kuma wannan ce kaɗai hujjar da bakin kogi yake da ita. Fulanin da ke kiwo a tsaunukan nan sun daɗe da yarda da wannan wahala. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ya kamata jami'an gandun da 'yan jagora na ƙauyukan yankin su zaɓi zango, ko da shugaban tawaga farfesa ne.

Akwai kuma haƙƙin dajin kansa, wanda ya fi shafar masanin halittu. Gashaka tana cikin muhimman wuraren da suka rage wa chimpanzin Nijeriya da Kamaru, wanda mutanen yankin ke kira biri mai ganga, kuma cututtukan mutane, musamman na numfashi da na ciki, suna kama shi. Zangon bakin kogi yana zuba sabulu da bahaya cikin ruwan da dabbobi da ƙauyukan da ke ƙasa suke sha. Ramin bahaya ya nisanci ruwa da aƙalla mita 60, a kuma binne shi kafin a tashi.