HOTON LAHADI KUKA GANI, WA YA TAMBAYI LITININ ZUWA ASABAR?

Jama'a ku yi mini haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo. Abin ya tsaya mini a rai tun daren shekaranjiya.

Muna zaune a majalisarmu nan Gesse bayan sallar Isha'i, ana shan shayi, sai wani ya miƙo waya. Hoton wani yaron unguwarmu ne da ke karatun haɗa magunguna a Indiya, yana shekararsa ta ƙarshe. Ga shi tsaye gaban Taj Mahal, ya sa baƙin tabarau, abokan karatunsa sun kewaye shi. Mai wayar ya ce, "Kun gani ko? Wanga karatu ya tai ko yawo? Uban na nan shina saida shinkafar da ya noma a fadama, ɗa na can shina holewa." Aka yi dariya, kowa ya tofa tasa. Kafin gari ya waye hoton ya shiga zauren WhatsApp na danginsu, har wani kawu ya yanke hukunci: a daina aika masa ko sisi, tunda kuɗi sun yi masa yawa.

Da safe uban ya same ni, don ni na taya su cike takardu lokacin tafiyar. Dattijo ne mai kunya, amma ranar muryarsa rawa take. Na ce, Baba, kafin a yanke masa hukunci bari mu ji ta bakinsa. Muka kira yaron. Ga abin da muka ji: wata biyar ke nan yana horon sanin makamar aiki a sashen magunguna na wani asibiti, Litinin zuwa Asabar, tun safe har bayan La'asar, a tsaye, ba a biyansa ko kwabo. In ya dawo ya dafa abin da zai ci, ya zauna kan rubutun kammala karatu. Tafiyar Agra kuwa karo-karo suka yi su shida, suka hau jirgin ƙasa a ajin talakawa, suka je suka dawo a rana guda. Shi ne fitarsa ta farko daga garin da yake a cikin wata takwas.

Yini ɗaya cikin wata takwas. A kansa aka so a yanke wa yaro abinci a ƙasar da ba ya da uwa ba ya da uba.

To ni da masu irin wannan hukunci nake yau, kuma ba zan ɓoye-ɓoye ba. Ba kishin tarbiyya ba ne ke damun yawancinmu. Wani hassada ce, wani rashin sani ne, wani kuma neman abin hira ne kawai. Da kishi ne, da mun tambayi abin da hoto ba ya nunawa.

Hoto ba ya nuna canji. Kafin watan Yuni na 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, ko a kasuwar bayan fage ba ta kai 800 ba. Zuwa Fabrairun 2024 ta haye 1,500. Uban da ke aika dala 200 a wata, sai ga shi yana neman naira dubu ɗari uku kafin ya haɗa ta, a jihar da mafi ƙarancin albashi yake dubu 75. Uban bai rage komai ba, amma abin da ke isa hannun ɗan ya rabu biyu. Kuma a Indiya bizar ɗalibi ba ta ba shi damar yin aikin albashi. Ko a Ingila da aka yarda, awa 20 ce kacal a mako lokacin karatu, kuma duk da haka mun ga yadda a 2024 aka umarci wasu ɗaliban Najeriya na Jami'ar Teesside su bar ƙasar saboda faɗuwar naira ta hana su cika kuɗin makaranta a kan kari.

Hoto ba ya nuna alawus ɗin da ba ya zuwa. Ɗaliban da gwamnatin tarayya ta tura Maroko, Rasha, Aljeriya, Hangari da sauransu ƙarƙashin shirin BEA sun sha yin watanni ba a biya su ba. A 2024 aka zaftare musu alawus daga dala 500 zuwa 220 a wata. A 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin. Majalisa nawa aka tayar da jijiyar wuya kan wannan? Amma bari ɗaya daga cikin yaran ya ɗauki hoto a bakin teku, nan take za mu zama alƙalai.

Hoto ba ya nuna tsoro. A Fabrairun 2022 yaranmu da ke Yukren sun yi tafiyar ƙasa cikin sanyi zuwa iyakokin Poland da Romaniya. A Afrilun 2023 na Sudan sun kwana kwana a kan iyakar Masar, cikin rana da ƙishirwa, kafin a kwaso su. Babu wanda ya yaɗa waɗannan hotuna yana cewa sun ji daɗi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai. Duk surutun da aka yi a majalisa, babu mutum ɗaya da ya tambayi ko yaron nan yana samun horon aiki na ƙwarai. Alhali nan ne gizo ke saƙa. Likita, mai jinya, mai haɗa magani, injiniya, duk ba a allo ake zama su ba, a hannu ake zama. Shi ya sa duk likitan da ya yi karatu a waje sai ya zauna jarrabawar hukumar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a Najeriya, sannan ya yi shekara guda ta horo a asibiti. Shi ya sa kuma a 2022 hukumar ta ƙi amincewa da karatun likita da aka koma yi ta intanet a Yukren saboda yaƙi. Yaron da ya kulle kansa a ɗaki shekara biyar, bai je ko'ina ba, bai ɗauki hoto ko ɗaya ba, amma bai taɓa tsayawa kan majinyaci ba, shi ne asararmu. Shi ne gobe za ka kai mahaifiyarka Asibitin Sir Yahaya ka same shi yana zare ido. Wanda ya yi kwana shida a bakin aiki ya huta ranar bakwai, wallahi shi nake so ya rubuta mini magani.

Sai zancen abokai. Wai me ya haɗa shi da su? To da wa kuke so ya zauna, da bango? Mu nan in mutum ya kwana biyu bai fito majalisa ba sai an bi shi gida a ji ko lafiya. Yaron da ke can ba shi da majalisa, ba shi da gaisuwar safe, sallar Idi ma wani lokaci a bakin aiki take samunsa. Abokan nan su ne danginsa: su ke ranta masa kafin kuɗi su iso, su ke kai shi asibiti in zazzaɓi ya kwantar da shi. Shi wannan yaron ma, gurbin horon da yake yi ta hannun wani ɗan ajinsu ya samu. Zumunta a ƙafa take, ko a Gesse ko a Indiya.

Shi kansa yawon, yaushe ya zama laifi? Mu ne fa muke cewa tafiya mabuɗin ilimi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je karatu Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. Kuna tsammani abin da suka dawo da shi duk a aji suka same shi? Ido ma yana karatu. Yaron da ya ga yadda ginin da Shah Jahan ya fara tun wajen 1632 yake ciyar da dubban mutane a yau, masu otal, masu abinci, masu mota, masu ɗaukar hoto, in yana da hankali dole ya tuna gida. Ya tuna muna da bikin kamun kifi na Argungu tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, amma muka bari ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Ya tuna Gidan Tarihi na Kanta, da kufan Surame, da hubbaren Shehu Abdullahi a Gwandu. Ku da ke zagin nasa yawon, tsakaninku da Allah, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, yaushe rabon da ku ɗauki 'ya'yanku ku kai su gidan tarihin nan?

Kuma mu ma'aikata mu ji tsoron Allah. In an tura mu bitar kwana uku Abuja ko Kaduna, mun san yadda ake yi: a sa hannu da safe, a ɗauki hoto gaban allo, a karɓi alawus, a shiga kasuwa. Mu da muke haka da kuɗin jama'a, da wane baki za mu zagi yaron da ya yi wata takwas kafin ya huta yini ɗaya?

Ban ce duk ɗaliban waliyyai ba ne. Akwai waɗanda suka je suka lalace, suka mai da kuɗin makaranta na shagali, suka dawo da ƙatuwar waya ba takarda. Mun san su. Amma ba a hoto ake gane su ba, a sakamako ake gane su. Ku ma ɗalibai ga taku: horon aiki shi ne gaba, duk abin da zai ci karo da shi a ajiye shi. Kada a ci bashi don yawo. Sallah kada ta bi ruwa. Sannan ku san inda kuka fito: kafin ka sa hoto a Facebook, ka fara tura wa mahaifinka, ka gaya masa nawa ka kashe da yadda aka haɗa. Bai kamata ya ji labarinka a bakin majalisa ba. Na gaya wa yaron haka, ya kuma amsa kuskurensa.

Iyaye, in ɗanku na waje, ku bar tambayar "ina ka je ranar Lahadi?" ku koma ga uku: ina sakamakon zangon da ya wuce? A wane asibiti ko kamfani kake horo, wa ke duba ka? Kuɗin da ke hannunka za su kai ka ƙarshen wata?

Gwamnati kuma, ta jiha da ta tarayya, in za a tura yaro a tura shi da lissafi. A tabbatar makarantar na da wurin horo na gaske kafin a sa hannu. A biya alawus a kan lokaci. A tanadar masa gurbi kafin ya dawo, kada ya ƙare yana zagayen ofisoshi da fayil a hammata har wata ƙasar ta ɗauke shi. In ba a iya ba, gara a zuba kuɗin a jami'o'inmu na Aliero da Kalgo.

Dattijon nan dai ya fasa bin shawarar kawu. Jiya ya sayar da buhu biyu ya aika. Da zai tafi ya ce mini, "Ni dai in ya dawo ya san aikinai, ko Sin ya tai yawo ban damu ba." Na ce Baba, ka gama magana.

Wanda ya ga ba haka ba ne, fili a buɗe yake, amma ya zo da hujja, kada ya zo da hoto.

Allah ya tsare mana yaranmu a duk inda suke, ya dawo mana da su lafiya da ilimi mai amfani. Mu kuma ya raba mu da yanke hukunci kan abin da ba mu bincika ba.

Daga Gesse, Birnin Kebbi.