Tauraron Ɗan'adam Ya Gani, Wa Zai Gaya wa Manomin Mubi?

Da zarar watan Mayu ya kama, tambaya ɗaya ce ke hana manomin Mubi da Maiha da Hong barci: shin ruwan da ya sauka jiya na shuka ne, ko kuwa zai ɗauke? In ya yi gaggawar shuka masara ko dawa sannan fari ya biyo baya, iri ya ƙone, kuɗin huɗa ya bi ruwa. In kuma ya yi jinkiri, damina ta wuce amfani bai nuna ba.

A yau masana suna amsa wannan tambaya ne ta hanyar haɗa abubuwa uku, kamar yadda tukunya ba ta zama sai a kan duwatsun murhu uku. Na farko shi ne ma'aunin ruwan sama da na'urorin da ake kafawa a ƙasa, masu auna zafi da iska da lemar ƙasa. Suna faɗin gaskiya, amma ta wurin da aka kafa su kaɗai. Na biyu tauraron ɗan'adam, irin su Meteosat, wanda ke auna sanyin saman gajimare, domin hadarin da ya fi tsawo da sanyi shi ya fi kawo ruwa. Yana ganin ko'ina, sai dai kintace yake yi, kuma a gari irin Mubi da ke gindin duwatsun Mandara, ana iya tafka ruwa a wannan ƙauye, na kusa da shi ko ɗigo. Na uku shi ne lissafin kwamfuta, wanda ke gyara kintacen tauraro da awon ƙasa, sannan ya hango abin da ke tafe. Shirin TAMSAT na Jami'ar Reading a Ingila ya daɗe yana irin wannan haɗi domin Afirka.

Najeriya ma tana da nata. An kafa hukumar NiMet a 2003, shekarar da aka harba tauraron NigeriaSat-1, kuma duk shekara tana fitar da hasashen damina: lokacin faɗuwarta, da tsawonta, da inda ake tsoron fari. Hukumar NIHSA kuwa takan fitar da hasashen ambaliya. Wanda ya ga ɓarnar da kogin Binuwai ya yi a Adamawa a 2012 da 2022 ya san darajar gargaɗin da ya iso da wuri.

To, ina ruwan ɗalibin harshe da wannan? A ganina, a hannunsa matakin ƙarshe yake. A ce masana sun ce yiwuwar ruwa gobe kashi 70 ce cikin 100, mai fassara ya shiga rediyo ya ce kawai "gobe za a yi ruwa". In ba a yi ba, manomi ya ɗauke su maƙaryata, kuma baɗi ba zai saurare su ba. Haka nan milimita ba ta da ma'ana ga wanda ya saba tona ƙasa ya ga inda lema ta kai. Alhali Hausa tana da kalmominta: yayyafi, ruwan shuka, binne, marka, fari. Aikinmu ne mu zauna da masana mu daidaita kowace kalma da awonta.

Wani zai ce ai Hausa ba ita kaɗai ce a Mubi ba. Gaskiya ne, akwai Fulatanci da Gude da Fali da sauransu. Amma Hausa ce ke haɗa jama'a a kasuwa, kuma in saƙon ya tsaya daidai da ita, juya shi zuwa sauran zai yi sauƙi.

Don haka ina kira ga Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi su ƙara ma'aunan ruwa a makarantun ƙauyuka da gaɓar kogin Yedzeram. Mu kuma ɗalibai, maimakon maimaita batutuwan da aka sha rubutawa, wasunmu su yi kundin digiri a kan kalmomin yanayi da noma, su tattaro su daga bakin tsofaffin manoma tun suna raye. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.