Hitar banɗaki: a duba ta tun kafin hunturu ya kankama

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, sai a tuna da hitar da ke maƙale a bangon banɗaki, wadda rabon da a kunna ta tun Fabrairu. A danna makunni da asuba, ko dai a ji shiru, ko wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Sai a shiga neman mai gyara a daidai lokacin da kowa ke nemansa, shi kuma ya yanka kuɗin da ya ga dama.

Abin mamaki, matashin da ke gane cajar jabu tun daga nesa, wanda ba ya barin batirin wayarsa ya sauka ƙasa da kashi 20, bai taɓa tambayar halin da na'urar da ke haɗa wuta da ruwa a saman kansa take ciki ba. Waya in ta lalace kuɗi aka rasa. Hita kuwa tana iya ɗaukar rai.

Yawancin matsalar daga ruwan take farawa. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da dama yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, wanda zafi ke mayarwa farin ɓawo, irin wanda ake gani a gindin butar shayi ta lantarki. Ɓawon nan yana lulluɓe ƙarfen da ke dumama ruwan, sai zafi ya kasa fita. Ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, mita na ta cin kuɗi, daga ƙarshe ƙarfen ya ƙone. Hitar da ke ƙara kamar ana soya gyaɗa a cikinta, wanki take nema. Akwai kuma wata sandar magnesiyam a cikin tankin, an sa ta ne don tsatsa ta cinye ta maimakon ta ci jikin tankin. In ta ƙare ba a sauya ba, sai yoyo.

Amma abin da bai kamata a yi wasa da shi ba shi ne wayar da ke kai wuta ƙasa. Gidajen haya da yawa ba a haɗa ta ba, ko an haɗa ta da sunan an yi. Duk wanda ya taɓa jin famfon wanka ya ɗan ja shi, an riga an yi masa gargaɗi. Sai a kashe hitar, a kira ƙwararre, ya kuma sa na'urar da ke katse wuta da kanta idan miliamfiya 30 ta zurare. Ya gwada bawul ɗin da ke rage matsin ruwa shi ma, don in ya toshe kuma na'urar daidaita zafi ta mutu, tanki na iya fashewa. Kunna hita bayan an ɗauke ruwa kuwa, tanki babu komai, ƙona ƙarfen yake nan take.

Wani zai ce kuɗin mai gyara fa? Dumama lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin wajen yunit 2.3 ko da hitar lafiyarta ƙalau. Mai ɓawo kuwa da wanda aka murɗa zafinsa har ƙarshe, sun fi haka ɓarna. Digiri 60 ya wadatar, kuma a nan ne ƙwayoyin cutar da ke son ruwan ɗumi ba sa rayuwa.

Ɗaliban hostel masu jefa ƙaramar hita cikin bokiti su ma ba su tsira ba. Tsoma yatsa don jin ko ruwa ya yi zafi alhali tana jone, ganganci ne. A zare ta daga soket tukuna, kuma wadda robar hannunta ta tsage, a jefar da ita, kada a naɗe ta da salatif.