Naƙasasshe Ya Gama Makaranta, Ina Takardarsa?

Maganar wannan mako a kan yaran nan ne da Allah ya jarraba da makanta, ko kurumta, ko gurguntaka, ko nauyin fahimta, waɗanda ke zaune a Gafasa da sauran garuruwan ƙasar Ajingi da Gaya. Batun shigarsu makaranta an sha yin sa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne batun fitarsu, watau in yaro irin wannan ya jure shekara shida ta firamare, ya ƙara shida ta sakandare, da wace takarda zai koma gaban ubansa?

Sai a fara da sanin takardar tukuna. A ƙasar nan abin da shugaban makaranta ke da ikon bayarwa shi ne takardar shaidar hali, mai nuna yaro ya zauna a makarantar, ya fita lafiya. Amma takarda mai nauyi, wadda ake nunawa a sami aiki ko a wuce gaba, daga hukumomin jarrabawa take fitowa: WAEC da aka kafa a 1952, da NECO ta 1999, da NABTEB mai kula da sana'a da kasuwanci, da NBAIS mai kula da Larabci da ilmin addini. Mai neman jami'a sai ya kawo kiredit biyar, har da Turanci, sa'an nan ya ci jarrabawar JAMB. A Jihar Kano kuwa akwai wata ƙofa kafin waɗannan, watau jarrabawar kwalifayin da ake yi a aji biyu na babbar sakandare, wadda da ita gwamnati ke tantance waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita. Ƙofofi ke nan a jere, kowace kuwa da awon mai lafiya aka yanka ta.

Kada wani ya zaci yaran nan 'yan kaɗan ne. Shan inna ta daɗe tana ɓarna a ƙasar Kano, ba a ga bayanta a jihar ba sai bayan 2014, ba a kuma tabbatar wa Nijeriya da rabuwa da ita ba sai a 2020. Jariran da ta taɓa a shekarunta na ƙarshe su ne yanzu suka isa sakandare. Ga kuma sanƙarau mai toshe kunne, ga ƙyanda mai cin ido. Duk mai unguwa ya san gidajen da abin ya shafa, ko ba a rubuta ba.

To, kowane da irin wahalarsa. Gurgu kansa lafiya lau, hannunsa na rubutu, abin da ke kayar da shi nisan hanya ne, da yashi mai cije keke, da matakalar aji. Makaho yana bukatar rubutun ɗigo shida na Braille, wanda ake karantawa da yatsa, da malamin da ya iya shi. Kurma kuwa nasa ya fi rikitarwa, gama a gida da maganar hannu ta gargajiya ya tashi, a makarantar kurame ya tarar da alamun da asalinsu na Amurka ne, ranar jarrabawa kuma a miƙa masa takarda cikin Turancin da bai taɓa jin amonsa ba. Harshe uku ke nan a kan yaro ɗaya. Makarantar da ta shahara da koyar da makafi da kurame a jihar nan ita ce ta Tudun Maliki a birnin Kano. Daga Gafasa kuwa sai an bi ta Gaya, an ƙetare kogin Wudil, kafin a kai can. Talaka mai gona ɗaya da wuya ya saki ɗansa makaho zuwa wannan nisa, balle 'yarsa.

Ba kuma a rasa doka ba. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su karatu kyauta har ƙarshen sakandare, ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine su shigu, wa'adin da ya cika tun farkon 2024. Gwamnatin Kano ita ma ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Amma fa gurbin aiki ba ya amfanar wanda ba shi da satifiket. An yi masa alkawarin ɗaki, an hana shi mabuɗi.

A nan ne mutane suka rabu biyu, duka kuwa sun kauce. Waɗansu suka ce don tausayi a rage wa naƙasasshe maki, a ba shi takarda ya tafi. Waɗansu suka ce ɓarnar kuɗi ce, a bar shi ya kama bara kamar yadda aka saba. Masu magana ta fari ba su lura ba cewa ranar da aka san an rage wa makaho mudu, ran nan takardar kowane makaho ta faɗi a kasuwa, har da ta wanda ya ci da guminsa. Masu magana ta biyu kuwa tarihi ya ƙaryata su. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ya yi ladanci a masallacin Manzon Allah, aka kuma bar masa riƙon Madina ba sau ɗaya ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya ya makance tun yana ƙarami, amma ilminsa ya kai har Jami'ar Ahmadu Bello ta girmama shi da digirin dakta. Alarammomi makafi da suka haddace Alƙur'ani kuwa ba su ƙirguwa a ƙasar Hausa, ba a kuwa taɓa rage musu ko izu ɗaya ba.

Hanyar gaskiya ita ce mudu ya zauna yadda yake, a gyara yadda ake kawo hatsin. A ba makaho tambayoyi cikin rubutunsa, a ba mai raunin gani manyan baƙaƙe, a ba kurma tafinta mai bayyana masa umarni, a sa gurgu a ɗakin ƙasa, a ƙara lokaci ga wanda hanyarsa ta fi jinkiri. Wannan ba sabon abu ba ne. WAEC da NECO suna buga takardun makafi, JAMB kuma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman mai yi musu jarrabawa a waɗansu cibiyoyi, har da Kano. Sai dai hukuma ba ta san gaibu ba. In shugaban makaranta bai rubuta lalurar yaro ba lokacin rajista, ranar jarrabawa takardar masu ido za a ajiye masa. Wannan sakaci na minti biyar yana iya cinye wahalar shekara goma sha biyu.

Saura waɗanda ko an yi musu duk wannan, kiredit biyar ya fi ƙarfinsu, musamman masu nauyin fahimta. Su ma bai kamata su fita hannu rabbana ba. A nan akwai darasi daga Amurka, inda tun 1975 doka ta wajabta karantar da naƙasassu. Jihohinsu da yawa suna ba irin waɗannan yara takardar halarta kurum, sai aka tarar masu ɗaukar aiki da manyan makarantu ba su ɗauke ta daidai da ta sauran ba. Don haka a dokarsu ta 2015 aka yarda jiha ta tsara wata difloma ta dabam, mai sharuɗɗa sanannu, domin masu lalura mai tsanani. Abin lura shi ne, takardar da ba ta faɗi abin da mai ita ya iya ba, ado ce kawai.

Malaman zaure sun riga kowa gane wannan. Ijaza ba ta cewa wane ya zauna gaban malam shekara kaza, cewa take yi ya karanta littafi kaza ya fahimce shi, ga sunan wanda ya shaida. Haka ya kamata takarda ta biyu ta kasance: ta ce yaron nan ya iya ɗinki, ko walda, ko gyaran waya, ko kiwon kaji, ya iya lissafin kuɗi, an gwada shi an gani. Ba sai an ƙago sabuwar hukuma ba, gama NABTEB tana ba da shaidar sana'a, Ma'aikatar Ƙwadago kuma tana gwajin sana'a mai mataki uku. Wanda ya ga guragun Kano suna ƙera kekunansu da hannunsu ya san aikin nan ba mafarki ba ne. Amma da sharaɗi biyu: kada a tura yaro wannan hanya don ganin sandarsa ko kekensa kurum, sai an gwada shi, an shawarci iyayensa, kuma kada a rufe masa ƙofar komawa babbar jarrabawa in ya ji ƙarfi daga baya.

Saboda haka ga abin da ya wajaba. Masu unguwanni da dagatai su ƙidaya yaran nan gida gida, su kai sunayensu ga hakimi da sakataren ilmi na ƙaramar hukuma. Shugabannin makarantu su rubuta lalurar kowane ɗalibi tun yana aji ɗaya, kada a bari sai ranar rajista. Gwamnatin jiha ta buga kwalifayin cikin rubutun makafi, ta ɗauke wa naƙasasshen da ya kai aji uku kuɗin jarrabawar fita, tun da doka ta ce karatunsa kyauta ne. A kuma zaɓi sakandare ɗaya a ƙasar Gaya, a sa mata malamin Braille da na maganar hannu, da ɗakin kwana, don ɗan Gafasa ya sami wurin da uwarsa za ta iya zuwa ta gan shi ta komo a yini guda.

Iyaye kuma su sani, ƙoƙon bara ba gado ba ne. Mai lafiya ma ya tuna ba da wayonsa ya sami ido da ƙafa ba, wanda ya ba shi kuwa zai tambaye shi abin da ya yi wa wanda bai samu ba. Allah ya ba shugabanni ikon gyarawa, ya sa a ji a yi aiki da shi.